Tarihin Nailan: Daga Zaren Safa zuwa Kayan Gyaran Inji

1.0 Gabatarwa

Nailan na cikin abubuwan da aka ƙaga a ƙarni na ashirin waɗanda suka shiga rayuwar yau da kullum har mutane suka daina lura da su. Da shi ake yin komar masunta da igiya da buroshin haƙori da zaren da ke cikin tayar mota. Ban da waɗannan, yana da wani aikin da ido bai cika gani ba, domin a can cikin inji yake yin sa. Akwai ƙananan faya-fayai masu haƙora da ke juya juna, waɗanda makanikai ke kira giya, da bushin, da washa, da maƙalai iri-iri, waɗanda a da da ƙarfe ko tagulla ake ƙera su, amma yanzu da yawansu na nailan ne. A ƴan shekarun nan kuma an samu na'urori masu araha da ke narkar da zaren nailan, su gina irin waɗannan kayayyaki ɗaya bayan ɗaya bisa umarnin kwamfuta.

Wannan takarda za ta bi diddigin yadda aka zo nan. Za a ga cewa nailan ya fara rayuwarsa a matsayin zare, ya zama madadin ƙarfe, sa'an nan ya sake komawa zare. Za a kuma ga cewa a kowane mataki abubuwa biyu ne ke yanke hukunci a kan ƙarfinsa: yadda sarƙoƙin da ke cikinsa suka jeru, da kuma yawan ruwan da ya sha. Wanda ya riƙe waɗannan biyu zai gane dalilin da ya sa wani abin da aka yi da nailan ke shekara da shekaru yana aiki, wani kuwa ya tsage a ranar farko.

2.0 Kalmomin da za a yi amfani da su

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a warware wani ruɗani. A Ingilishin da ake yi a Nijeriya, jakar da mai kanti ke zuba wa mutum kaya ita ake kira nailan, Bahaushe kuwa ya ce mata leda. Wannan jaka ba da nailan ake yin ta ba. Wata roba ce daban mai suna foliyetilin, wadda ba ta da ƙarfinsa, ba ta kuma jure zafi kamarsa. Saboda haka duk inda aka ce nailan a wannan takarda, ana nufin robar nan mai tauri da jimiri da ake yin koma da igiya da ita.

Ita kanta kalmar ƙirƙirarriya ce. An daɗe ana yaɗa cewa an haɗo ta ne daga sunayen biranen Niyok da Landan, amma wannan ƙanzon kurege ne. Kamfanin DuPont ne ya kafa kwamitin raɗa suna. An fara da No-Run, mai nufin safar da ba ta warwarewa, aka ga ba gaskiya ba ne, domin takan warware. Aka juya wasulan ta zama Nuron, daga nan Nilon, daga ƙarshe Nylon. Kamfanin bai yi rajistar sunan a matsayin tambarinsa ba, shi ya sa harsunan duniya suka are shi, Hausa ta mai da shi nailan.

Fasahar gina abu da na'ura kuwa, kafofin watsa labarai kan kira ta fasahar 3D, wato mai tsawo da faɗi da kauri. A nan za a kira ta ɗab'in siffa, domin abin da na'urar ke fitarwa siffa ce da ake iya ɗauka a hannu.

3.0 Carothers da dogayen sarƙoƙi

A shekarar 1920 wani masanin sinadarai Bajamushe, Hermann Staudinger, ya ce abubuwa irin su roba da auduga da siliki dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyi da suka kama juna, dubbai a jere. Yawancin takwarorinsa suka ƙi yarda. Sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan ra'ayi. Cikin waɗanda suka tabbatar da maganarsa a aikace akwai wani Ba'amurke, Wallace Carothers, wanda aka haifa a 1896 a jihar Iowa. Yana koyarwa a jami'ar Harvard lokacin da kamfanin DuPont ya ɗauke shi a 1928, ya ba shi ɗakin bincike a garin Wilmington na jihar Delaware, tare da alkawarin ya binciki abin da ya ga dama.

Dabarar Carothers ita ce ya gina sarƙar da kansa. Yakan ɗauki sinadarai biyu waɗanda kowannensu ke da hannu biyu na kama ɗan'uwansa, ya dafa su tare. Duk lokacin da hannu ya kama hannu, sai ƙwayar ruwa ɗaya ta fita. Da farko sarƙoƙin suka ƙi yin tsawo. Aka gano cewa ruwan nan da ke fita shi ne ke komawa yana tsinka abin da aka ƙulla. A 1930 suka yi amfani da wata na'ura mai janye ruwan da zarar ya fito, sai sarƙoƙin suka yi tsawon da ba a taɓa samu ba a ɗakin bincike. Ke nan tun ranar farko, ruwa ne abokin gabar wannan aiki.

A watan Afrilu na shekarar, mataimakinsa Julian Hill ya tsoma sanda a cikin narkakken abin da suka samu, ya ɗaga, sai ga zare yana biyo ta. Da zaren ya huce ya ja shi da hannu, sai ya miƙe har ninki da yawa na tsawonsa, maimakon ya yi rauni kuma sai ya ƙara ƙarfi da sheƙi. Dalilin shi ne, kafin a ja shi sarƙoƙin a cukurkuɗe suke kamar audugar da ba a kaɗa ba. Jan ya miƙar da su, suka kwanta gefe da gefe, suka riƙe juna. Duk wadda ta taɓa kaɗi da mazari ta san wannan: auduga a sake ba ta ɗaure komai, amma in aka kaɗe ta, sai da wuƙa.

Wannan zare na farko bai yi amfani ba, domin ruwan zafi ma na iya lalata shi. Sai da aka sauya sinadarai. A ranar 28 ga Fabrairu 1935, Gerard Berchet, ɗaya daga cikin ma'aikatan Carothers, ya haɗa wasu sinadarai biyu masu ƙwayar kabon shida-shida. Abin da ya fito shi ake kira nailan 6,6, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 260 a ma'aunin salshiyos. Carothers bai ga amfanin aikinsa ba. Ya daɗe yana fama da ciwon damuwa, kuma a ranar 29 ga Afrilu 1937 ya kashe kansa a birnin Filadelfiya yana da shekara 41.

4.0 Safa da yaƙi

Abu na farko da aka sayar na nailan shi ne buroshin haƙori, a 1938, wanda ya maye gurbin na gashin alade. Amma idon kamfanin yana kan safar mata. A lokacin da siliki ake yin ta, kuma mafi yawan silikin da Amurka ke saye daga Japan yake zuwa, ga shi kuma dangantakar ƙasashen biyu tana ta tsami. A ranar 27 ga Oktoba 1938 kamfanin ya sanar da duniya cewa ya samu sabon zare daga kwal da iska da ruwa. Aka gina masana'anta a garin Seaford, ta fara aiki a ƙarshen 1939. Ranar 15 ga Mayu 1940 aka fara sayar da safar a duk faɗin ƙasar, kuma a shekarar farko an sayar da ƙafa biyu-biyu har miliyan 64.

Ba a daɗe ba yaƙi ya katse cinikin. Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamba 1941, gwamnati ta karkatar da nailan gaba ɗaya zuwa aikin soja. Da shi aka yi lemar sauka daga jirgin sama, da igiyar jan jiragen da ba su da inji, da zaren tayoyin jiragen yaƙi. Da aka gama yaƙi a 1945 safa ta dawo kasuwa, amma ba ta isa ba, har aka yi ta turereniya a ƙofofin kantuna. A birnin Pittsburgh mata wajen 40,000 suka yi layi a kan safa 13,000.

Yaƙin ya nuna cewa nailan ya wuce kayan ado. Daga nan ya bazu duniya ta hanyar igiya da koma. A tafkin Cadi, alal misali, shigowar komar nailan a wajen shekarun 1960 ta sauya sana'ar su, domin ba ta ruɓewa a ruwa kamar ta zaren gargajiya.

5.0 Dangin nailan da maye gurbin ƙarfe

Nailan ba abu ɗaya ba ne, dangi ne, kuma lambar da ke bayan sunan tana nuna yawan ƙwayoyin kabon da ke cikin kowace gaɓa ta sarƙar. A watan Janairu 1938 Paul Schlack na kamfanin IG Farben a Jamus ya samu nailan 6 daga sinadari guda, ta hanyar da ba ta taka haƙƙin mallakar DuPont ba. Jamusawa suka kira shi Perlon, kuma yana narkewa a wajen digiri 220. Bayan yaƙi Faransawa suka fitar da nailan 11 mai suna Rilsan, wanda ake yi daga man zurma, tsiron nan da wasu ke kira cika-gida. Har yau daga zurma ake yin sa, kuma ƙasar Indiya ce ke noma mafi yawanta. A shekarun 1960 kuma kamfanin Hüls na Jamus ya kawo nailan 12, mai narkewa a wajen digiri 180.

Bambancin da ya fi muhimmanci a tsakaninsu shi ne shan ruwa. Mahaɗar da ke tsakanin gaɓoɓin sarƙa ita ce ke sa sarƙoƙi maƙwabta su riƙe juna, ita ce kuma ke jawo ruwa. A nailan 6 da 6,6 mahaɗun kusa-kusa suke, shi ya sa suka fi ƙarfi da jure zafi, suka kuma fi shan ruwa. Nailan 6 da aka bari a ruwa yakan sha har wajen kashi 9 cikin ɗari na nauyinsa. A nailan 11 da 12 mahaɗun sun yi nisa da juna, saboda haka abin da suke sha bai kai kashi 2 ba. Wato tushen ƙarfin nailan shi ne tushen matsalarsa, kowane allazi da nasa amanu.

Tun shekarun 1940 aka fara narkar da nailan ana ɗura shi da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe don a samu siffar da ake so. A shekarun 1950 DuPont ta riƙa sayar da shi don wannan aiki da sunan Zytel. Injiniyoyi suka lura da halayensa: yana da santsi, don haka giyarsa ba ta cika bukatar maiko ba, ba ya tsatsa, ba ya ƙara kamar ƙarfe a kan ƙarfe, in an buge shi yakan ɗan lanƙwashe ya dawo maimakon ya fashe, ga shi kuma nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai na ƙarfe ba. A 1958 Artur Fischer a Jamus ya ƙaga ɗan kwanson nailan da ake cusawa a ramin bango don ya riƙe sukuru. A shekarar ne kuma kamfanin Thomas & Betts na Amurka ya fitar da ɗan madaurin nan na wayoyin lantarki. A 1959 kamfanin Remington ya fitar da bindiga mai suna Nylon 66 wadda kotarta ta nailan ce. Daga baya aka riƙa cakuɗa shi da guntayen zaren gilashi don ya ƙara sandarewa, har ya kai ga zama cikin injin mota kusa da wuta.

An ga irin dogaron da duniya ta yi da shi a 2012. A ƙarshen watan Maris na shekarar wata masana'anta a garin Marl na Jamus ta yi bindiga, mutum biyu suka mutu. Ita ce ke samar da babban kaso na sinadarin da ake yin nailan 12 da shi, wanda ake yin bututun mai da na birki. Kamfanonin motoci na duniya suka shiga taron gaggawa don neman madadi.

Sai dai hanyar zubi tana da sharaɗi. Mazubin ƙarfe yana da tsada ƙwarai, kuma ba ya biyan kuɗinsa sai in za a yi abu dubbai. Mai bukatar giya ɗaya tak ta injin da aka daina yin irinsa ba shi da wurin zuwa sai wajen mai yankan ƙarfe. Wannan giɓi ne ɗab'in siffa ya zo ya cike.

6.0 Na'urar ɗab'in siffa

Hanyar gina abu hawa-hawa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa ganin ana gina rumbu: a murza laka, a ɗora zagaye ɗaya, a ɗora wani a kansa, har rumbu ya tashi. Abin da na'urar ta ƙara shi ne kwamfuta ce ke yanka hoton abin zuwa siraran hawa, ita ce kuma ke jan hannun mai gini.

A 1981 Hideo Kodama ya wallafa bayanin irin wannan hanya a birnin Nagoya na Japan, yana amfani da ruwan roba mai daskarewa in haske ya taɓa shi. Chuck Hull na Amurka ya nemi takardar mallakar irin wannan ƙirƙira a 1984, ya samu a 1986. A tsakiyar shekarun 1980 kuma Carl Deckard, ɗalibi a jami'ar Texas da ke Austin, ya ƙaga hanyar shimfiɗa garin roba, hasken laza ya bi ya narkar da wuraren da ake so. Ta wannan ƙofa nailan ya fara shiga ɗab'in siffa, a matsayin gari, musamman nailan 11 da 12. Tun farkon shekarun 2000 ana yin bututun iska na jirgin yaƙin F/A-18 na kamfanin Boeing ta wannan hanya. Amma a lokacin na'urorin gari manya ne, sai manyan kamfanoni.

Hanyar da ta shafi zare ta Scott Crump ce. A 1988 ya yi wa ƴarsa kwaɗon wasa da ƴar bindigar narkar da gam, sai ya ga ai ana iya sa inji ya yi wannan aiki. A 1989 ya nemi takardar mallaka, shi da matarsa Lisa suka kafa kamfanin Stratasys. A na'urarsa, ana naɗe zaren roba a kwarkwaro, wasu ƴan ƙafafu masu haƙora su tura shi cikin wani baki mai zafi, ya narke, bakin ya riƙa zagayawa yana shimfiɗa shi a kan faranti. Shekara ashirin wannan hanya tana hannun kamfani ɗaya, kuma kuɗin na'ura dubban daloli ne masu yawa.

A 2005 Adrian Bowyer, malami a jami'ar Bath ta Ingila, ya fara wani shiri mai suna RepRap. Burinsa na'urar da za ta iya buga yawancin sassan jikinta, ya kuma saka zanen a intanet kyauta. Na'urar farko mai suna Darwin ta fito a 2007, kuma a watan Mayu 2008 ta buga sassan da aka haɗa ƴarta da su. A 2009 wa'adin takardar Crump ya cika. A shekarar kamfanin MakerBot na Niyok ya fara sayar da na'urar da mutum zai haɗa da kansa a kan kuɗin da bai kai dala 1,000 ba. A 2012 Josef Prusa na ƙasar Cek ya fitar da ƙirar i3, wadda aka kwaikwaya a ko'ina. A 2013 ma Afate Gnikou ya haɗa irin wannan na'ura a birnin Lome na Togo daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

7.0 Nailan ya koma zare

Robobin da waɗannan na'urori masu araha suka fara aiki da su biyu ne, ABS da PLA. PLA daga sitacin masara ake yin ta, tana da sauƙin bugawa, amma tana fashewa in an buge ta, kuma tana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin motar da aka ajiye a rana lokacin bazara ke iya kaiwa. Masu son giya da maƙalai na gaske suka juya ga nailan. Da yake ba a sayar da zarensa don wannan aiki, wasu suka riƙa gwada igiyar injin yankan ciyawa, wadda ta nailan ce. Takan yi aiki wani lokaci, amma kaurinta ba daidai yake ba, kuma ba a san abin da aka cakuɗa a cikinta ba. A 2012 wani ƙaramin kamfani a Amurka, Taulman3D, ya fitar da zare mai lamba 618 wanda aka yi musamman don ɗab'i. A ƙarshen 2013 Stratasys ma ta fitar da nata na nailan 12. Daga nan masu wannan sana'a suka ci karo da matsaloli uku.

7.1 Zafi

Nailan yana bukatar baki mai zafin digiri 240 zuwa 270. Bakin na'urorin farko yana da ɗan bututun Teflon a cikinsa, wanda ke fara lalacewa in zafi ya kai wajen digiri 250. Maganin shi ne baki na ƙarfe zalla, irin wanda kamfanin E3D na Ingila ya fara sayarwa a 2013.

7.2 Banƙarewa

Lokacin da narkakken nailan ke hucewa, sarƙoƙinsa kan matsu su jeru, sai ya ƙanƙance. Hawan da ke sama yana ƙanƙancewa yana jan na ƙasa da ya riga ya huce, sai kusurwoyin abin su ɗaga daga faranti, kamar fatar da aka shanya ba a kafe ta ba. Ga shi kuma santsin nan nasa da ake so a giya yana hana shi manne wa faranti. Aka koyi ɗumama farantin zuwa digiri 70 ko fiye, a shafa masa gam, ko a yi amfani da allon da ake kira Garolite. Abin da ya fi magani shi ne akwatin da ke riƙe ɗumi, don dukan abin ya huce a hankali. Shi ma akwati mai ɗumi akwai takardar mallakar Stratasys a kansa har zuwa 2021, bayan haka ya yawaita a na'urori masu matsakaicin kuɗi.

7.3 Ruwa

Wannan ita ce babbar matsala, kuma ita ce wadda Carothers ya yi fama da ita a 1930. Kwarkwaron nailan da aka bari a buɗe yakan sha danshin iska cikin ƴan sa'o'i. In ya shiga baki mai zafi, ruwan ya zama tururi, a ji yana tsartsatsi, zaren ya fito da kumfa, hawa ya ƙi kama hawa. Bayan haka, a wannan zafi ruwan yana tsinka sarƙoƙin kansu, wato yana kwance ƙullin da fitarsa ta ɗaura. Ana iya samun abu mai kama da lafiyayye alhali ya rasa ƙarfinsa. Don haka ake busar da zare a digiri 70 zuwa 80 na sa'o'i shida ko fiye, sa'an nan a buga shi kai tsaye daga rufaffen akwati mai maganin tsotse danshi. A ƙasashen Sahel wannan na nufin aikin da ya yi kyau da hunturu zai iya ɓaci da damina, da zare ɗaya da na'ura ɗaya.

Abin mamaki, bayan an gama bugawa ruwa yakan zama aboki. Nailan busasshe ƙarau yana da saurin karyewa. In ya sha ɗan danshi yakan rage sandarewa, ya ƙara jimirin duka. Tun zamanin zubi masana'antu kan jiƙa wasu kayan nailan da gangan kafin su sayar. Sai dai abin yakan ɗan kumbura, don haka mai yin bushin dole ya bar masa sarari, ko ya zaɓi nailan 12.

8.0 Ƙarfi da iyakarsa

Kuskuren da mutane ke yi shi ne su ɗauka ƙarfin igiyar nailan zai bi zare ya shiga abin da aka buga. Ƙarfin igiya daga jan nan na Julian Hill yake. Da zarar an narkar da nailan, jerin sarƙoƙin ya rushe. Zaren da aka ja ya fi nailan na zubi ƙarfi kusan ninki goma, wanda aka buga kuwa yawanci bai kai na zubi ba.

Bugu da ƙari, abin da aka buga yana da gaɓa kamar itace. Faskare ya san ice yana tsagewa ta tsawonsa cikin sauƙi, amma yankan gicciye sai da wahala. Haka nan abin da aka buga ya fi rauni a tsakanin hawa da hawa. Saboda haka ake kwantar da ƙugiya a kan faranti lokacin bugawa, don nauyi ya bi tsawon zaren maimakon ya raba hawan. Ana kuma buga giya a kwance, a yawaita zagayen bangon waje, domin shi ke ɗaukar mafi yawan nauyi.

Don a rage waɗannan nakasu aka koma ga dabarar cakuɗa. A 2014 kamfanin Markforged na jihar Massachusetts ya nuna na'ura mai suna Mark One, wadda ke shimfiɗa dogon zaren kabon a cikin nailan, kamar yadda magini ke sa rodi a cikin siminti. A 2016 ya fitar da Onyx, nailan mai guntayen zaren kabon. Guntayen suna ƙara sandarewa, suna rage banƙarewa, amma ba su ƙara wa tsakanin hawa ƙarfi, kuma suna cinye bakin tagulla da sauri, sai an sa na ƙarfe mai tauri.

Akwai kuma iyakokin da ba su gushe ba. Nailan da aka ɗora wa nauyi na dindindin yakan riƙa miƙewa sannu a hankali, shi ya sa notin da aka ɗaure a kansa ke yin sako-sako bayan wani lokaci. Hasken rana yana tsufar da shi in ba a sa masa kariya ba. Asid mai ƙarfi, irin ruwan batir, yana cin sa, ko da yake yana jure mai da fetur. Inda ya fi amfani shi ne giya mai matsakaicin nauyi, da bushin, da maƙalai, da kayan riƙe aiki a masana'anta, da sassan tsofaffin injuna da aka daina yi. Inda karyewar abu za ta iya jawo asarar rai, kamar birki ko abin ɗaga kaya a kan mutane, ba a dogara da abin da aka buga a gida ba tare da gwaji ba.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi nailan daga ɗakin binciken Wilmington a 1935 zuwa kwarkwaron da ake ɗora wa na'urar ɗab'in siffa a yau. An ga yadda kasuwar safa ta haife shi, yaƙi ya gwada shi, masu injuna suka mai da shi madadin ƙarfe. An kuma ga cewa dabarar buga abu da zare ta shekara ashirin a kulle, sai da wa'adin takardar mallaka ya cika a 2009 ta isa hannun talaka. A duk tsawon wannan tafiya halin nailan bai sauya ba. Mai buga giya a yau yana busar da zarensa saboda dalilin da ya sa Carothers ya janye ruwa daga tukunyarsa, yana kuma kwantar da ƙugiyarsa a faranti saboda abin da Hill ya gani lokacin da ya ja zare da hannu. Na'ura ta rage tsadar yin abu guda ɗaya, amma ingancin abin ya rataya ne a kan sanin wanda ya zaɓi irin nailan, ya busar da shi, ya kuma san ta inda nauyi zai bi.